Shekarar da Bishiyar Shuka Ta Yi Ƙarya

"Ta buɗe?"

Kinuyo ta tsaya cak a baranda da farantin kunun shinkafa a hannu. Baba Tokuji na kwance a shimfiɗarsa ta ƙasa, fuskarsa na wajen ƙofa, idanun nan da suka daɗe da daina gani a buɗe. Ta waiwaya ta dubi bishiyar kobushin da ke bakin rafin bayan gidansa. Ta yi fure fari fat, tun daga reshen ƙasa har ƙoli, ga ƙudan zuma sai kaiwa da komowa suke yi a ciki.

"Ina fa, Baba. Fabrairu fa muke ciki. Ko toho babu."

"Hm," in ji shi.

Ta durƙusa ta tallafo kansa ta shiga ba shi kunun, kunnuwanta sun yi zafi. Shekara arba'in da wani abu suna makwabtaka, ba ta taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ba sai yau.

A ƙa'ida, a irin wannan wata dusar ƙanƙara kan kai har bakin rufi a ƙauyen, sai an haƙa hanya kafin a je gidan makwabci. Bana kuwa wata iska mai ɗumi ce ta gangaro daga kan dutse ta ƙi tafiya. Rufin gidaje ya yi ta ɗiga har ya bushe. Kwaɗi suka farka suna kuka a gonaki, suna yi suna dakatawa kamar su ma ba su yarda ba. Da rana wani farin hazo kan kwanta a kwarin, mutum ya yi ta jin barci-barci, ya rasa ko wane wata ake ciki. Heizo, mijin Kinuyo, har da singileti yake fita tsakar gida yana sosa ciki, wai lahira ta matso kusa.

Abin da ya sa fure ya zama tashin hankali shi ne, a kwarin nan tun kaka da kakanni ba a duba kalanda don jiƙa irin shinkafa. Kobushin gidan su Tokuji ake kallo, shi ya sa ake ce mata bishiyar shuka. Ranar da ta buɗe, ranar ake sauko da iri a jiƙa. Yanzu dai kowa ya huta, dashe ake saye a ƙungiyar manoma idan Afrilu ta yi nisa. Baba Tokuji kaɗai ya rage da tasa shinkafar, wata ja mai dogon gashi a kan kowace ƙwaya, wadda ake kira jan-gemu. Babu ita a ko'ina sai a 'yar gonarsa. Bara zafi ya ƙone rabi, aladun daji suka shiga sauran, abin da aka tsira da shi bai fi cikin 'yar jakar da ke rataye a azarar ɗakinsa ba, can sama inda ɓera ba ya kaiwa.

Da ƙafafunsa suka ƙi, Kinuyo ya damƙa wa amanar. "Amarya, bana ke za ki jiƙa min." Amarya yake ce mata tun ranar da aka kawo ta ƙauyen, kuma furfura ba ta sa ya fasa ba.

To iri idan ya sha ruwa ba ya jira. Zai tsira, zai nemi ƙasa, kuma duk wanda ya kwana biyu a kwarin nan ya san sanyi bai tafi ba, laɓewa ya yi. In aka jiƙa yanzu, jan-gemu ta ƙare a duniya. In kuma aka jira Afrilu, to likitar da ke zuwa duba shi ta riga ta ja Kinuyo bakin ƙofa ta faɗa mata a hankali cewa tsohon ba zai kai ba.

Heizo ne ya fasa ƙwan. Ya shigo washegari da awara a kwano, tun daga waje yake ɗaga murya, don shi a ganinsa duk makaho kurma ne.

"Baba! Ashe kobushinka haukacewa ta yi? Fure har ba a ganin reshe! Na ce wa Kinuyo tun shekaranjiya..."

Ta taka masa ƙafa da duk ƙarfinta.

"Wayyo! Ke, lafiya? Me na yi kuma?"

Ɗakin ya yi tsit. Sai kukan ƙudan zuma da ke shigowa ta ƙofa.

"Amarya," in ji tsohon. "Sauko min da jakar."

"Baba, ka yi haƙuri. Ɗumin nan ba na gaskiya ba ne. Bari mu ɗan..."

"Ubana bai taɓa yi wa bishiyar nan gardama ba. Kakana ma haka. Ke ce za ki fara?"

"Ba zan sauko da ita ba."

Maganar ta fito mata da ƙarfi fiye da yadda ta so. Tsohon ya juya da ƙyar ya fuskanci bango, ya ja bargo har kunne. Ranar bai sha kunu ba, bai ci awarar ba, kashegari ma ya kulle baki gam.

"Kai dai bakinka ba shi da ƙofa," ta ce wa Heizo a gida, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. "Tsofai-tsofai da kai."

"To ai ba ki ce min ƙarya muke yi ba. In za a yi ƙarya a gida, ai sai a sanar da maigida." Ya sunkuya yana murza ƙafar da aka taka. "Ji mana. Akwai ragowar shanshera a rumbu, irin ta ƙungiya. Jiƙa masa ita. Mutumin da ba ya gani?"

Ta harare shi. Amma da azahar ta ɗauki bokiti.

Ta yi komai yadda ake yi, a baranda inda zai ji. Ta ɗebo ruwan rafi, ta zuba gishiri tana motsawa har ɗanyen ƙwan da ta jefa ciki ya taso ya leƙo sama, alamar gishirin ya isa. Ta zuba shansherar, ta kwashe marasa nauyin da suka yi iyo, ta ɗauraye sauran a ruwa mai daɗi. Tun daga ƙarar bokitin tsohon ya juyo. Fuskarsa ta saki, har wani ɗan ja ya dawo masa a kumatu.

"Kawo nan. Kawo in ji."

Ta jawo bokitin kusa da shimfiɗa, ta kama hannunsa, hannun da ya zama ƙashi da jijiya, ta tsoma. Ya lumshe ido. Yatsunsa suka nutse cikin ƙwayoyin suna lalube, suna murzawa. Can suka tsaya.

"Wa ya yi wa shinkafata aski?"

Heizo da ke leƙe daga bayan ƙofa ya sulale ya bar wajen. Kinuyo ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya zare hannun, ruwa na ɗiga a tabarma. "Makancewa na yi, Amarya. Ban mutu ba tukuna."

Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta kwashi bokitin ta fita, ta zauna a bayan gida ta yi kukanta inda ba wanda zai gani.

Daga nan sai tsohon ya fara tafiya yana dawowa. Yakan karɓi ruwa cokali ɗaya biyu, ban da shi babu. Wani lokaci ya kira ta da sunan matarsa Matsu, wadda ta daɗe a kabari, ya ce ta rufe tukunya kada kyanwa ta shiga. Wani lokaci ya ce yana jin mata na waƙar dashe a gonar ƙasa, ya tambaya wa ke ba da waƙar, don muryar ta yi masa kama da ta yayarsa. Kinuyo takan kasa kunne. Abin mamaki, a cikin ɗumin nan da hazon nan, ita ma sai ta ji kamar da wani abu can nesa, alhali gonar ƙasa ta zama ciyawa tun kafin 'yarta ta yi aure.

Ta buga wa ɗansa Mitsuru waya a birni.

"Inna Kinuyo, muna ta ɗora miki wahala, ki gafarce mu. Ƙarshen mako zan taho." Ana jin ƙarar jirgin ƙasa a bayansa. "Batun irin kuwa, don girman zumunci ki ba shi abin da yake so. Shinkafa ce fa kawai."

"Haka ne," in ji ta. Ta ajiye wayar ta daɗe tana kallonta.

Shinkafa ce kawai. Ta fita ta zauna a gindin kobushin, bayanta a jikin kututture. Furanni na faɗowa ɗaya-ɗaya, masu kauri, suna sauka a rafi suna juyawa kafin ruwa ya tafi da su. Ƙamshin ya cika mata kai. Ta tuna shekararta ta farko a ƙauyen nan, tana 'yar bakin teku wadda ba ta taɓa taka laka ba, surukarta na yi mata dariya a gaban mutane don layin dashenta ya karkace. Tokuji ne, lokacin da ƙarfinsa, ya tsallako kunyar gona ya tsaya a gefenta, yana dasawa a hankali don ta kwaikwaya. Da kaka ta yi ya aiko Matsu da tuwon jan-gemu a ganye, wai a kai wa amarya ta ɗanɗana abin da ta sha wahala a kai. Har yau tana jin ɗanɗanon a bakinta.

Wannan mutumin ne zai bar duniya da fuska a bango, yana fushi da ita. Don me? Don wata shinkafar da, in ta faɗi gaskiya, ita ma ba ta san wa za ta bar wa ba. Amma kuma da ta ce a ranta to a jiƙa, sai ta ga ƙananan tsirrai sun yi baƙi a cikin ƙanƙara. Ta zauna a nan har inuwa ta juya. Sannan ta miƙe, ta karkaɗe furannin da suka taru a cinyarta, ta je ta ɗauko tsani.

Jakar ba ta da nauyi. Ta sauko da ita, ta durƙusa ta ɗora masa a ƙirji.

"Ga shi, Baba. Naka ne. Yadda ka ce haka za a yi."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan yatsunsa suka sami bakin igiyar, ta taya shi kwancewa. Ya zura hannu ciki har wuyan hannu. Ta ji ƙwayoyin na ƙara a hankali, gashin na sosa masa fata. Ya yi wata 'yar dariya maras sauti.

"Ga su nan. 'Yan ƙaiƙayi." Ya ja numfashi. "Buɗe min ƙofofin duka."

Ta zuge ƙofofin ɗakin, na katako da takarda, har ƙarshe. Iska ta shigo da ƙamshin fure da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Je ki gonata. Tona da hannu, kamar tsawon yatsa. Kawo min."

Ta tafi da sauri, ta dawo da laka a tafin hannu. Ya ce ta ɗora masa a kumatu. Ta ɗora. Ya ɗan zabura.

"Kin ji ko? Sama ce ta yi ɗumi. Ƙasa barcinta take yi."

"Ai abin da nake..."

"Na sani. Tun ranar da kika tsaya a baranda kika ce min ko toho babu. Hancina lafiyarsa lau, kuma ke ba ki iya ƙarya ba, muryarki tashi take yi." Ya huta. "Bishiyar nan sa'ar kakana ce. Ta tsufa. Ta ga ɗan ɗumi ta ce bari ta yi sauri kada ta rasa. Ni ma haka na ce."

Kinuyo ta goge masa lakar da gefen hannun rigarta.

"Ban taɓa tsallake shekara ba, Amarya. Tun ina tsayin bokiti. Ko shekarar da aka binne Matsu na jiƙa. Shi ne na ce ko sau ɗaya..." Hannunsa ya dunƙule a cikin jakar, ya fito da shi a hankali. Abin da ke cikin dunƙulen bai fi cikin cokali ba. "Ina kofin shayina?"

Ta miƙo kofin, wani tsohon kofin ƙasa mai tsaga a baki. Ya buɗe yatsunsa, ƙwayoyin suka zuba.

"Wannan nawa ne. Sauran ki ɗaure ki mayar sama. Ba kya saukowa da shi sai kin taka gona ba takalmi kin iya tsayawa. Kada ki ƙara sauraron bishiya. Ko ni, in na zo miki a mafarki na ce ki jiƙa, ki ce min in koma in kwanta."

Ta yi dariya, hawaye na shiga mata baki. "Da gishirin da ƙwan?"

"A kofi? Ƙwan wa zai shiga nan, na ɗan tsuntsu tsada? Zuba ruwa kawai. Sannan ki kawo kunun nan naki da ba gishiri."

Ya sha cokali uku a ranar, Heizo ya yi ta yawo a ƙauye yana ba da labari kamar shi ya dafa.

Kofin ya zauna a gefen matashinsa. Kullum da safe Kinuyo takan tsiyaye ruwan ta zuba sabo daga rafi, shi kuma ya tsoma ɗan yatsa ya bar shi a ciki, wani lokaci har barci ya ɗauke shi a haka. Ɗumin ya ci gaba. Malam-buɗe-littafi fari ya shigo ɗakin ya zaga ya fita. Tsohon ya daina kiran Matsu, ya daina jin waƙa, maganarsa ta ragu ta koma tambaya ɗaya: "Sun kumbura?" Takan faɗa masa gaskiya.

Ranar ƙarshe, da hantsi, ta tsiyaye ruwan sai ta ga wani ɗan fari a gefen ƙwaya ɗaya, ƙanƙane kamar kan allura. Ta duba, ga wani, ga wani.

"Baba. Baba, sun fasa."

Numfashinsa ya riga ya yi nisa, yana zuwa yana tsayawa. Ta ɗauki ƙwayar ta sa tsakanin babban yatsansa da manuni, ta riƙe masa su. Ta daɗe a haka. Can ta ji yatsun sun ɗan matse, sun murza sau ɗaya a hankali, yadda ba za su karya tsiron ba. Leɓunansa suka motsa, amma ba ta ji abin da ya ce ba. Kafin rana ta yi tsaka ya cika, ƙofofi a buɗe.

Heizo ya zo ya tsaya a baranda da hula a hannu. Suka juya shimfiɗar kai ya kalli arewa, yadda ake yi wa mamaci a nan. Kinuyo ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ta rufe fuskar da farin ƙyalle. Ta dafa shinkafa ta cika kwanonsa tim, ta soke tsinken cin abinci a tsaye a tsakiya, ta ajiye a wajen kansa tare da turare da kyandir. Kofin ma ta bar shi a nan.

Da la'asar iska ta juya. Kinuyo na shanya ta ji ta a bayan wuyanta, siririya mai cizo, irin wadda ta sani. Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya.

Mitsuru da matarsa sun iso washegari cikin baƙaƙen kaya, suna ta sunkuyawa suna godiya. Mitsuru ya ɗaga ƙyallen ya dubi ubansa, ya ce, "Ya rame," sai muryarsa ta karye. Matar, mai kirki ce kuma mai son tsabta, ta shiga kintsa ɗakin kafin malamin haikali ya zo. Kinuyo na shigowa da shayi ta gan ta ta nufi baranda da kofin a hannu, ta karkata shi za ta watsar.

"Tsaya!"

Matar ta firgita. "Yi haƙuri, na ga kamar wani abu ne ya lalace a ciki..."

"Ba lalacewa ya yi ba." Kinuyo ta ajiye farantin ta karɓi kofin da hannu biyu. Tsirran sun ƙara tsawo, farare, wasu har sun fara lanƙwasa suna neman sama. "Shukar Baba ce ta bana."

Mitsuru ya leƙo ya duba. "Za su yi kuwa? A wannan sanyin?"

"Ban sani ba," in ji ta. "A gona dai ba za su yi ba."

A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya, ba iska, ba ƙara. Furannin kobushi sun riga sun yi ruwan ƙasa a gefe-gefe tun sanyin asuba, yanzu kuma farin na taruwa a kansu. Heizo ya leƙo daga ƙofar gidansu cikin rigunan sanyi har biyu, ya ɗaga murya ya ce ya kunna murhu, ya kuma samo tsohon akwatin kifin da ta ce za ta shuka tsirran a ciki, ya cika shi da ƙasa, sai dai ƙasar ta yi sanyi, ya ɗora ta kusa da wuta.

Kinuyo ta buɗe gaban rigarta ta sa kofin a ciki, a jikin fatarta, ta rufe da hannu ɗaya. Sanyin kofin ya sa ta ja numfashi. Ta sauka daga barandar ta kama 'yar hanyar da ke tsakanin gidajen biyu, tana taku ƙanana-ƙanana don kada ruwan ya zube.